Sharhi: A Raba Kasuwar Talakawa da Rigimar Shugabanni

Sharhinmu na yau ya dubi halin da ciniki ke ciki a yammacin Afirka, musamman tsakanin Najeriya da Nijar, bayan ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS, wadda a ƙasashen renon Faransa ake kira CEDEAO.

Ranar 28 ga Mayun 1975 aka kafa wannan ƙungiya a Legas, bayan faɗi-tashin da Janar Yakubu Gowon na Najeriya da Shugaba Eyadema na Togo suka yi. Ciniki ne tushen kafa ta. A 1979 aka amince ɗan kowace ƙasa ya shiga ƙasar maƙwabta ba biza, ya zauna har kwana 90. Albarkacin wannan doka ce albasar Galmi ke isa Accra da Abidjan, Bakano mai atamfa kuma ya kai hajarsa Yamai ya dawo hankali kwance.

Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma jihohin Najeriya bakwai ne ke kanta: Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Barno. Duk inda ka duba, kasuwanni biyu-biyu ne ke fuskantar juna. Illela na kallon Birnin Ƙonni, Jibiya na kallon Maraɗi, Kamba na kallon Gaya. Shanu da tumaki da raƙuma da wake na gangarowa kudu, su cika Maigatari da Dawanau. Masara da gero da kayan masana'antu na hawa arewa. A shekarar da damina ta gaza a wani gefe, rumbun ɗaya gefen ne ke ceton jama'a. Haka ake yi tun kafin Turawa su shata iyakar.

Amma a 'yan shekarun nan, duk lokacin da gwamnati ta ji matsi ko ta fusata, iyaka take fara rufewa. A watan Yulin 2019, a birnin Yamai, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka. A watan Agustan wannan shekara kuma Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, da hujjar daƙile fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur da makamai. Sai a Disambar 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfun, ita kuwa Jibiya sai da ta jira har 2022. Hujjar tana da nauyi, domin manomin shinkafa na gida ya cancanci kariya. Sai dai ɗan fasa-ƙwauri mai uwa a gindin murhu ya samu hanyarsa ta daji, wanda aka tsare shi ne ɗan kasuwa mai takarda a hannu.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyaka, aka tsayar da hada-hadar kuɗi, Najeriya ta yanke wutar lantarki, alhali a lokacin daga wajenta Nijar ke samun mafi yawan wutarta. Tireloli suka yi jerin gwano a bakin iyaka, albasa ta ruɓe a mota, magani ya yi ƙaranci, farashin abinci ya tashi. 'Yan dako da direbobi da dillalan dabbobi na Illela da Jibiya su ma sun ɗanɗana kuɗarsu. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin ba tare da an mayar da mulkin farar hula ba. Kafin nan kuwa ɓaraka ta riga ta auku: Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancensu na AES, sun sanar da ficewarsu daga ECOWAS, kuma ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa hukumomin Yamai su ma sun ɗauki wannan sanda. Sun bar iyakarsu da Benin a rufe bisa dalilan tsaro, duk da cewa tashar jiragen ruwa ta Kwatano ce hanya mafi sauƙi ga kayan Nijar. Kaya suka koma bi ta Lome su ratsa Burkina Faso, hanya mai nisa da haɗari, wadda sai da rakiyar sojoji ake bin ta. Kuɗin wannan zagaye a kan mai sayen sukari da man girki yake ƙarewa. Hatta bututun mai na kusan kilomita 2,000 da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin sai da wannan saɓani ya taɓa shi a 2024. A Oktoban wannan shekara Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso, sannan a 2025 ta dakatar da fitar da dabbobi gab da Babbar Sallah.

Kowace gwamnati na cewa tana yin haka ne don sauƙaƙa wa jama'arta. Niyyar na iya zama mai kyau, amma a duba yadda abin ke ƙarewa. Idan aka hana manomi kai wakensa kasuwar da ta fi tsada, farashi kan faɗi a kaka, ya sayar da asara, baɗi ya rage noma. Makiyayin da ya yi kiwon rago wata da watanni yana jiran 'yan kasuwar kudu sai ya koma da shi gida. Kayan da aka hana kuma ba sa daina fita, sai dai su bi ta ɓarauniyar hanya, a ɗora musu kuɗin goro, gwamnati ta rasa harajin kwastan.

Ga kuma matsalar kuɗi. Sefa a ɗaure take da yuro a kan farashi guda, ita kuwa naira tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta faɗi warwas, har dala ɗaya ta haura naira 1,500 a 2024. Ɗan kasuwar da ya sayi raguna da sefa ya sayar da naira ba ya sanin ribarsa sai ya je wajen ɗan canji. Kuɗin bai-ɗaya na Eco da aka daɗe ana alkawari an sha ɗage shi, har aka kai ga sanya 2027.

Duk wannan na faruwa ne a lokacin da duniya ke ƙara tsuke wa ƙasashe irin namu. Yaƙin Rasha da Yukiren ya tsadar da alkama da takin zamani tun 2022. A 2025 Amurka ta ƙara haraji kan kayan ƙasashe da dama, ta kuma zaftare tallafin da take bayarwa. Cinikin da ƙasashen Afirka ke yi a tsakaninsu har yanzu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na cinikinsu ba. Kasuwar da ta fi tabbas gare mu ita ce ta maƙwabci, kuma ita muke yi wa riƙon sakainar kashi.

To, ina mafita? ECOWAS ta ce za ta ci gaba da barin jama'a da kayan ƙasashen uku suna zirga-zirga har zuwa wani lokaci. Wannan mataki ne mai kyau, amma ɗan kasuwa ba ya zuba jari a kan alkawarin wucin gadi. Ana buƙatar rubutacciyar yarjejeniya tsakanin ɓangarorin biyu, wadda za ta fitar da abinci da magani da wuta da mai daga duk wani takunkumi, komai zafin rigima. Najeriya da Nijar suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mai hedikwata a Yamai. A farfaɗo da ita, a ba shugabannin 'yan kasuwa da na makiyaya da na direbobi kujera a cikinta. A rage shingayen karɓar na goro a kan tituna, a kuma kammala layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021.

Shugabanni na da ikon yin saɓani kan tsarin mulki da kan abokan hulɗarsu na waje. Abin da muke roƙo shi ne su warware saɓaninsu a teburin shawara, su bar mai wake da mai rago su ci kasuwarsu. Hakkin ciyar da jama'a yana wuyan kowace gwamnati, ta soja ce ko ta farar hula.