RA'AYINMU: ME MUKE CI IN MUN BAR GIDA?

Duk wanda ya tsaya a bakin sakatariya ko tashar mota a Kaduna, Jos, Zariya ko Kano da misalin ƙarfe ɗaya na rana, zai ga yadda zaman duniya ya sauya. Ma'aikata, 'yan makaranta, direbobi, 'yan kasuwa da leburori, kowa ya nufi rumfar mai abinci. Da yawansu sun bar gida tun da duku-duku ba su karya kumallo ba, kuma ba za su koma ba sai rana ta faɗi. Ke nan cikin abinci uku na yini, biyu a waje ake cin su. Shi ya sa muka ga ya dace a wannan makon mu yi magana a kan tukunyar da ba a gidajenmu ake ɗora ta ba, domin yanzu ita ce ke riƙe da lafiyar jama'armu da dama.

Mu leƙa kwanon mu gani. Da safe farin burodi ne da shayi wanda aka zuba wa sukari har cokali huɗu. Da rana farar shinkafa ce tuli guda, da miyar da mai ke iyo a kanta, da ɗan yankan nama, a kora da lemon kwalba mai sanyi. Da dare kuma a zauna a teburin mai shayi a ci indomi da soyayyen ƙwai. A yini ɗungurungum mutum bai sa ganye ko ɗan itace a bakinsa ba. Ciki dai ya cika, amma jiki bai sami haƙƙinsa ba, kuma a hankali yake tara bashin da zai biyo mu da shi.

Ga shi kuwa ya fara biyowa. Hawan jini da ciwon sukari, waɗanda a da ake yi wa laƙabi da ciwon masu kuɗi, yanzu sun shiga gidan malamin firamare da na ɗan acaɓa. Da wuya ka sami unguwar da babu magidancin da ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, ya bar mata da 'ya'ya da jinya da kuɗin makaranta. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a 2023, ta ce kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su ma san suna da shi ba, saboda ciwo ne da ke shekaru yana ɓarna ba tare da ya yi sallama ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Masana suna ba da shawarar a koma ga abincin da bai yi nisa da yadda ya fito daga gona ba. Ƙwayar hatsi tana da sassa uku: dusar da ke bayanta, da ɗan idon da tsiro ke fitowa daga gare shi, da farin garin da ke tsakiya. Yawancin bitamin da sauran sinadaran da ke taimakon jini da hanji suna cikin dusar ne da wannan ɗan ido. Idan inji ya goge hatsi ya yi fari tas, abin da ya rage gari ne zalla, wanda da zarar ya shiga ciki sai ya narke ya koma sukari a cikin jini. Mu kan kwashe dusar mu zuba wa awaki da kaji su yi ɓul-ɓul, mu kuma mu ci abin da ya saura muna murna.

Wannan ba sabon ilmi ba ne. Tun a shekarun 1890 wani likita ɗan ƙasar Holan, Christiaan Eijkman, da ke aiki a tsibirin Jaba na ƙasar Indunusiya, ya lura cewa kajin da ake ba farar shinkafa ƙafafunsu na shanyewa, amma idan aka mayar da su kan shinkafar da ba a goge ba sai su miƙe. Wannan ne ya buɗe hanyar gano bitamin B1, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1929. Haka kuma Dokta Denis Burkitt, likitan fiɗa wanda ya yi kusan shekara 20 yana aiki a Yuganda, ya ga cewa cututtuka irin su ciwon dajin hanji, basir da taurin bayan gida, waɗanda suka addabi Turawa, ba su da yawa a ƙauyukan Afirka. A shekarun 1970 ya zaga ƙasashe yana gaya wa Turawa su koyi cin abinci mai dusa irin na mutanen ƙauye. Abin mamaki, su sun fara komowa kan abincinmu, mu kuma muna rububin wanda suke gudu.

Alhali kuwa Allah bai rage mu da komai ba. Muna da gero, dawa, maiwa, masara, wake, gyaɗa, gurjiya da riɗi. Muna da acca a Filato, Bauci da kudancin Kaduna. Muna da zogale, rama, alayyafo, kuka, kuɓewa, yakuwa, kabewa da gauta. Shinkafar gida ta gumi ma, wadda ake turarawa kafin a cashe ta, ta fi farar shinkafa riƙe bitamin, domin turarin yana tura shi cikin ƙwayar. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 baki ɗaya don tunatar da duniya darajar gero da danginsa, har da dawa da acca. Faten tsaki da rama, gwaten acca, dambun zogale, ɗan wake, alale, tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa, fura da nono, duk abinci ne da babu likitan da zai raina. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya: tuwon ma idan an yi wa hatsinsa surfe har ya yi fari fat, aka kuma jibga malmala uku a kan miya cokali biyu, bai fi farar shinkafar da komai ba. A rage surfe, a rage malmala, a ƙara miyar ganye.

Sai maganar gishiri da sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babban mutum zai ci a yini ya kai gram 5, wato kimanin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin burodi, magi da yajin tsire. Shi dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, ga shi ana watsa shi a tukunya da hannu biyu. Game da sukari kuwa, iyakar da aka ba babban mutum ita ce kimanin gram 50 a yini, in ya yi ƙasa da haka ma ya fi. Robar lemo guda mai santilita 50 tana iya cinye wannan kaso gaba ɗaya. Gwamnatin Tarayya ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a dokar kuɗi ta 2021, amma haraji ba zai riƙe hannun mai saye ba. Hukumar ta kuma so a ci ganye da 'ya'yan itace aƙalla gram 400 kullum. Mu tambayi kanmu, yaushe rabonmu da ko rabin haka?

To, laifin wa? Da sauƙi mu ɗora wa mai abinci, amma a ganinmu ba a yi mata adalci ba. Ita sana'a take yi, abin da ake saye shi take dafawa. Idan ta yi faten wake ya kwana a tukunya, shinkafa kuma ta ƙare tun kafin ƙarfe biyu, gobe ba sai an gaya mata abin da za ta ɗora ba. Mu ne muka mai da cin tuwon dawa a bainar jama'a ƙauyanci, muka ɗauki riƙe kwalbar lemo alamar wayewa. Saurayi ya kai budurwa gidan abinci, kunya ba za ta bar shi ya ce a kawo dambu ba. Ranar da mutum goma suka tambayi mai abinci kwaɗon zogale a mako guda, ranar za ta aika kasuwa a sayo zogale. Linzamin tukunyar yana hannun mai biyan kuɗi.

Saboda haka idan ka zauna a rumfa, ka ce a haɗa maka shinkafar da wake, a rage mai, a ƙara ganye. Ka zaɓi dafaffe ko gasasshe a kan abin da aka soya a man da ya yi baƙi don yawan maimaici. Ka sha ruwa, ko kunu ko zoɓon da ba a cika wa sukari ba. Ka kuma buɗe ido a kan tsabta, domin ganyen da aka wanke da ruwan kwata zai kai ka gadon asibiti da taifot ko amai da gudawa tun kafin ya amfane ka. Abincin ya zo da zafinsa, a rufe yake, kuma akwai ruwa da sabulun wanke hannu.

Mun san wani zai ce, a wannan marra da aka janye tallafin man fetur tun 2023, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo, wa ke zaɓen abinci? Maganarsa tana kan hanya. Amma kuɗin lemon kwalba guda zai sayi lemon zaƙi ko ayaba ko goba a lokacinsu, kuma wake ya fi nama araha. Wanda ya taɓa sayen maganin ciwon sukari na wata guda, shi ya san abin da ake kira tsada.

Sai dai kuma ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Mutum zai iya cin zogale safe da yamma, amma idan zuciyarsa cike take da fargaba, ƙiyayya da baƙin ciki, jikinsa ba zai huta ba. Likitoci sun bayyana cewa idan hankali ya tashi, jiki yana sakin wasu sinadarai da ke sa zuciya bugawa da sauri, jini ya hau, sukari ya ƙaru. An yi su ne don ɗan lokacin haɗari, kamar wanda ya yi kiciɓis da maciji. Wanda ya kwana ya tashi da damuwa wata da watanni kuwa, kamar motar da aka bari a kunne ce ba a kashewa. Barci ya ƙaurace masa, ya koma ga taba, giya ko cin abin da ya samu. A nan ne kyakkyawan tunani yake da amfani: godiya a kan abin da ake da shi, yafe wa wanda ya yi maka laifi, faɗa wa amini abin da ke ci maka rai, da sa zuciya cewa gobe za ta fi yau. Mai irin wannan zuciya shi ne ke iya daurewa ya sauya cimarsa, domin ya yarda rayuwarsa ta cancanci a kula da ita.

Amma a nan dole mu ja kunne. Tun da wani fasto ɗan Amurka, Norman Vincent Peale, ya buga littafinsa a kan ƙarfin kyakkyawan tunani a 1952, wannan koyarwa ta bazu har ta iso gare mu, kuma wasu sun kai ta inda ba ta dace ba. Ana gaya wa mai hawan jini ya furta cewa ya warke, ya zubar da ƙwayoyinsa, wai shan magani ƙarancin bangaskiya ne. Wannan ganganci ne da rai. Murmushi ba ya sauke jinin da awo ya nuna ya wuce 140 bisa 90. Mai kyakkyawan tunani na gaskiya shi ne wanda zai je a auna shi ba tare da tsoro ba, ya karɓi sakamakon da natsuwa, ya sha maganinsa, ya gyara kwanonsa, ya kuma ci gaba da addu'arsa. Haka nan wanda baƙin ciki ya danne shi har ya kasa ci da barci, ciwo ne ke damunsa, a raka shi wurin likita maimakon a yi ta ce masa ya saki ransa.

Muna kira ga masu sayar da abinci su sa aƙalla abincin gargajiya ɗaya mai ganye a jerin girkinsu na kullum, su kuma sassauta hannu a kan gishiri da mai. Muna kira ga ƙananan hukumomi su farfaɗo da aikin duba-gari a kasuwanni da tashoshi. Mu ma da muke wannan wa'azi kada mu tsame kanmu: a bikin aure, taron zumuntar mata da liyafar godiya, akwatunan lemo da farar shinkafa muke jerawa, sannan mu koma muna zaga asibitoci gaida marasa lafiya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kai kuma mai karatu, ba mu ce ka juya rayuwarka a dare ɗaya ba, sannu ba ta hana zuwa. Gobe da rana in ka isa rumfa, ka tambayi abin da kakarka za ta gane idan ta gan shi a kwano. Ka zauna ka ci a natse tare da abokin hira, ka taka da ƙafa ka koma wurin aiki, kafin ƙarshen wata kuma ka je a auna jininka. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah ya ba mu ikon riƙon amanar jikin da ya ba mu, amin.