Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Yau yaranmu suna wasa cikin salula. Kafin salula ta zo, manyan biranen duniya suna da gidajen wasa. A ciki akwai akwatuna masu tsayin mutum, da gilashi irin na talabijin. Sai ka jefa kuɗi, sannan ka yi wasa.

Wani mutumin Japan, Toru Iwatani, ya kama aiki a kamfanin Namco a 1977, yana da shekara 22. Bai yi karatun kwamfuta ba, amma yana da lura. Ya ga yawancin wasannin na harbe-harbe ne, samari ne suka fi zuwa. Sai ya nemi wanda mata ma za su so. Me kowa ke so? Ci!

A 1980 wasansa ya fito, sunansa Pac-Man. Wani ɗan kewayayyen abu ne rawaya, kamar wainar da aka gutsura. Yana bin lungu-lungu yana ci, dodanni 4 na korarsa. A Amurka kaɗai an sayar da akwati fiye da 100.000. Kamfani ya yi arziki. Shi kuwa Iwatani, da bakinsa ya ce wasan bai ƙara masa albashi ba. Daga baya ya samu ƙarin girma, kuma a 2007 ya koma koyarwa a wata jami'a a Tokyo.

Wani zai ce ai kamfani ne ya zuba jari, da wasan ya faɗi shi ke da asara. Gaskiya ne. Kuma abokan aiki sun taimaka, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma ni a ganina, mai dabara ya cancanci rabonsa.

To, mu duba gida. A Magariya da Dungas akwai teloli, maƙera da masu walda. Yaro zai gano sabon ɗinki, ko hanyar ƙarfafa amalanke. Masu saye su yi ta zuwa, maigida ya soke kuɗi aljihu, ko sannu babu. Gobe yaron zai ɓoye dabararsa, ko ya ɗauki jakarsa ya yi Kano. Wa ya yi asara?

Maigida, yabi yaronka gaban mutane, ka ba shi kasonsa. Kai kuma yaro, ku daidaita tun farko, gaban shaidu, kafin kuɗi su shigo.