Duwatsu Ma Suna da Labari

A nan Suki, in ana hirar tarihi, yawanci mukan faro ta ne daga yaƙin Burmi na 1903 da hijirar da ta kawo kakanninmu gaɓar Nilu Shuɗi, har aka kafa Maiwurno. Sai dai kafin zuwansu, wasu al'ummomi sun zauni wannan ƙasa, kuma sun bar shaida a cikin ƙasa da jikin duwatsu.

A dutsen Jabal Moya, yamma da Sinnar, wani Bature mai suna Henry Wellcome ya yi haƙa daga 1910 zuwa 1914, ya tono kaburbura kusan 3,000. Can arewa kuwa, a Shallal na Huɗu, inda Nilu ke ratsa duwatsu, mutanen dā sun sassaƙa shanu masu dogayen ƙaho a kan pa, suka kuma bar duwatsun da in an buga su sukan yi ƙara kamar ƙararrawa. Da aka buɗe madatsar ruwa ta Marawi a 2009, ruwa ya haɗiye yawancinsu, in ban da kaɗan da masu bincike suka kwashe.

Abin da ya kamata ya ja hankalinmu shi ne, a Birnin Kudu ta ƙasar Hausa ma akwai zanen shanu da duwatsu masu ƙara irin waɗannan. A Dabus kuma, arewa da Agadas, akwai raƙumin dawa da aka sassaƙa, tsawonsa ya haura mita 5, wanda ke nuna cewa inda hamada take a yau, dā akwai ciyawa da ruwa. Ashe daga ƙasar da kakanninmu suka baro har zuwa wadda suka sauka, makiyaya sun riga su barin alama.

A Amurka, kusa da birnin Albuquerque, akwai zane-zane fiye da 20,000 a kan baƙaƙen duwatsu, waɗanda kakannin mutanen Pueblo suka sassaƙa yawancinsu tsakanin shekarun 1300 da 1680. A 1990 gwamnati ta keɓe wurin. Amma babban garkuwarsa shi ne jikokin masu zanen suna nan da rai, suna ɗaukar duwatsun a matsayin gadon gidansu. Namu kuwa marayu ne, ba wanda ke cewa na kakansa ne. Maraya kuma haƙƙinsa yana wuyan maƙwabci.

Wani zai ce, mene ne haɗin Musulmi da zanen mutanen jahiliyya? Ba mu bauta musu, ba mu neman tubarraki da su. Darasi muke ɗauka: waɗannan mutane sun yi kiwo, sun tara dukiya, sun shuɗe, har sunayensu sun ɓace.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kai ga wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Khartum. Abin da ya saura a daji ya ƙara daraja ke nan. Saboda haka mu hana yaranmu rubuta sunayensu a kan tsohon zane. In manomi ya tono tukunya ko dutsen ado a gona, kada ya sayar wa dillali, ya sanar da hukumar kayan tarihi.

Allah ya sa mu zama masu lura. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.