Saɓani Dabam, Rabuwa Dabam

A makon jiya muka sami takarda daga wani malamin makaranta na ƙasar Goronyo. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ba mu labarin wani abu da ya auku a ƙauyensu, ya roƙa mu yi bayaninsa a wannan fili don amfanin jama'a. Mun ga tambayarsa tana bukatar amsa mai tsawo, saboda haka sauran waɗanda suka aiko da takardu su yi mana haƙuri sai mako mai zuwa.

Ga yadda abin ya faru. Wata mace ta yi yaji, ta koma gidan ubanta, har ta yi wata biyu miji bai zo biko ba. Ana nan sai aka zo rubuta sunayen mutane a wata takarda ta Turanci. Yaron da ke rubutun ya tambaye ta ko tana tare da mijinta, ta ce sun rabu wata biyu ke nan. Shi kuwa ya duba takarda, ya ga kalmomi biyu, "separated" da "divorced", a ganinsa duk ɗaya ne, sai ya zaɓi ta biyu. Da takarda ta zo gida aka ba wani ɗalibi ya karanta, ya ce ai an rubuta sakakkiya ce. Uban yarinya ya ce to, tun da abin ya zama haka sai ta fara ƙirga idda. Miji ya ji labari ya ce shi bai taɓa furta saki ba, ya zargi surukansa da yi masa ƙulli. Sai da limamin gari ya tara su, ya bi magana daki daki, kana aka gane kuskuren alƙalami ne, mace ta koma ɗakinta. Malamin ya ce shi kansa da yake koyar da Turanci waɗannan kalmomi suna rikita shi, yana so a rarrabe masa su.

To, Malam, mun gode da wannan tambaya. Kama da wane ba wane ba ne. Bari mu fara da zancen aure, tun da shi ya kawo maganar. In Bature ya ce miji da mata suna "separated", nufinsa ba sa zaune wuri ɗaya, amma igiyar aure tana nan, ba wanda ya tsinke ta. Mai yaji tana cikin wannan hali. In ya ce "divorced" kuwa, aure ya mutu ke nan. Har a dokar Nijeriya ta 1970, wadda ta shafi auren rajista, an bambanta su: alƙalin babbar kotu yana iya ɗauke wa ma'aurata wajibcin zama tare ba tare da ya kashe auren ba, kuma a wannan hali babu mai ikon yin wani aure a cikinsu. Mu ma Hausa ba ta gaza ba a nan. Muna da yaji, muna da saki, muna da hul'i inda mace ke fansar kanta, muna da raba aure a gaban alƙali. Kowanne da hukuncinsa game da idda da kome da gado. Matsalar ita ce kalmar "rabuwa" tana da faɗi, ta haɗiye su duka, don haka wanda aka ce wa "mun rabu" wajibi ne ya sake tambaya, wace irin rabuwa?

Sai mu zo ga rabon ƙasa da mulki, inda kuskure ya fi tsada. A nan Turawa suna da kalmomi uku da ya kamata kowane mai karanta jarida ya san bambancinsu.

Ta farko "divide", wato mai abu ya kasa abinsa kashi kashi don sauƙin riƙo, kamar yadda uba ke yanka wa 'ya'yansa gayauna alhali gandu yana nan ɗaya. A 1812, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana zaune a Sifawa, ya raba aikin mulki tsakanin ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello, daula kuwa tana nan guda. Haka kuma a zamaninmu, a 1976 aka raba Jihar Arewa maso Yamma aka sami Sakkwato da Neja, a 1991 aka fitar da Kabi daga Sakkwato, a 1996 aka fitar da Zamfara. Duk da haka mutumin Rabah in zai tafi Gusau ko Birnin Kabi ba ya neman fasfo.

Ta biyu "partition", wato a ja iyaka a tsakiyar ƙasa ɗaya ta zama ƙasashe dabam dabam, kuma sau da yawa ba a shawarci talakawan wurin ba. Ba sai mun tafi Indiya da Pakistan na 1947 neman misali ba, ga shi a ƙofar gidanmu. A 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Paris, suka zana iyaka kamar baka, nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, suka sake gyara ta a 1904 da 1906. Ƙarshen abin, Gobirawan Sabon Birni suka faɗo Nijeriya, 'yan'uwansu na Tsibiri suka faɗa ƙasar da ake kira Nijar yau. Ba su yi faɗa da juna ranar nan ba, ba su nemi rabuwa ba, raba su aka yi.

Ta uku "secede", wato wani yanki ya janye kansa daga cikin ƙasa, abin da muke kira ɓallewa. Ran 30 ga Mayu 1967 Ojukwu ya shelanta ɓallewar Jihar Gabas da sunan Biyafara, aka shiga yaƙi tun daga Yuli na shekarar har Janairu 1970. Kafin nan, a Janairu 1967, shugabannin soja sun taru a Aburi ta ƙasar Gana, suka tashi a kan an daidaita, amma da aka komo gida kowane ɓangare ya fassara abin da aka amince yadda ya fahimta. Akwai kuma ɓallewar da akan yi bisa yarjejeniya, kamar ta Sudan ta Kudu a 2011, bayan ƙuri'ar raba gardama. To, mai fassarar da ya ji ana neman sabuwar jiha ya gaya wa mutane ana neman ɓallewa, ko ya ji ana ɓallewa ya ce rabon jiha ne kawai, ya cuci masu sauraronsa.

Yanzu ga kalmomin rashin jituwa. Waɗannan kamar matakalar soro suke, kowane mataki ya ɗara na ƙasansa. "Differ" shi ne bambanta kurum: mai tafarnuwa a Wurno ya ce bana a sayar da wuri, maƙwabcinsa ya ce a adana sai ta yi tsada, kowa ya bi ra'ayinsa, da yamma su ci tuwo tare. "Disagree" shi ne saɓanin ra'ayi a kan abu guda, wannan ya ce i, wancan ya ce a'a. "Argue" shi ne a fito da hujjoji, wato gardama ko muhawara, ko da yake wani lokaci akan yi amfani da ita ga cacar baki. "Dispute" ita ce jayayya a kan hakki, wadda takan kai gaban mai gari ko alƙali, kamar iyakar gona a fadamar Rima, ko burtali tsakanin manomi da makiyayi, ko wanda zai fara jan ruwa a lambu. "Quarrel" kuwa rai ya ɓaci ke nan, an yi husuma, murya ta tashi. "Conflict" ita ce ta can sama, tana ɗaukar rikici har zuwa yaƙi, ko da yake masu ilmi sukan yi amfani da ita ga karon bukatu ko da ba a ɗaga sanda ba.

Tarihin ƙasar Magarya ya isa ya nuna mana wannan matakala. Shehun Barno Muhammadu El-Kanemi ya yi musayar wasiƙu da shugabannin jihadi, yana tambayar hujjarsu ta yaƙar Barno, Muhammadu Bello yana ba shi amsa, har Bello ya sanya wasu daga cikin wasiƙun a littafinsa Infaƙul Maisuri. Wannan muhawara ce ta malamai, tawada da takarda. Amma a 1826 El-Kanemi ya ɗaura yaƙi ya nufo ƙasar Kano, sai a farkon 1827 Sarkin Bauchi Yakubu ya tare shi. An hau matakin ƙarshe ke nan. A daidai lokacin ne Baturen nan Clapperton ya komo karo na biyu, ya sadu da Sarkin Musulmi Bello, har ya sauka a Magarya, yana ɗauke da wasiƙa da kaya zuwa ga Shehun Barno. A zuwansa na farko, a 1824, ta Barno ya biyo ba wanda ya hana shi. Wannan karo kuwa Bello ya hana shi wucewa, aka karɓe wasiƙar, don ba a barin baƙo ya kai wa abokin gaba kaya ana tsakiyar yaƙi. Clapperton ya mutu a Sakkwato a Afrilu 1827. Mutanen su ne dai na da, amma abin da ke tsakaninsu ya canja suna, hukunci ya canja tare da shi.

Akwai kuma "estrangement", wato 'yan'uwa ko aminai su ja da baya daga juna, zumunci ya yi sanyi ba tare da an yanke shi ba. Bayan rasuwar Shehu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, tsakaninsa da baffansa Abdullahi ya yi sanyi, Abdullahi ya zauna Gwandu. Bayan 'yan shekaru, da tawayen Kalambaina ya tsananta, Bello ya kai wa baffansa gudummawa, suka ci garin, nan suka daidaita, Abdullahi ya yi masa mubaya'a. Wanda ya fassara wannan da ɓallewa ya yi wa tarihi ƙarya.

Kalma ta ƙarshe ita ce "dissent", wato mutum ya ƙi bin ra'ayin mafi yawa a cikin majalisa, ya faɗi dalilinsa, ya kuma ci gaba da zama a cikinta. A 1979, da Cif Awolowo ya ƙalubalanci zaɓen Alhaji Shehu Shagari, alƙalai 7 suka zauna a Kotun Ƙoli, mafi yawansu suka tabbatar da zaɓen, amma Mai Shari'a Kayode Eso ya rubuta nasa hukuncin dabam. Bai yi tawaye ba, bai bar kotu ba, kuma ba wanda ya kira shi ɗan tawaye. Mu ma malamanmu sun saba da wannan, sukan ce a kan mas'ala kaza akwai saɓani, su kawo maganar kowa, ba a fitar da kowa daga sahu.

Mutanen Rabah suna da nasu misali. Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah kuma ya zama hakiminta a 1934, shi ne ya tashi a majalisar Ikko a Maris 1953, sa'ad da Anthony Enahoro ya kawo shawarar a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardauna ya nemi a cire shekarar, a ce sai lokacin da ya yiwu. Saɓani ne a kan lokaci, amma aka yi wa wakilan Arewa ihu a titi, rai ya ɓaci, a watan Mayu aka yi tarzoma a Kano har aka rasa rayuka, 'yan majalisar Arewa suka fito da sharuɗɗa 8 waɗanda suka yi kusa da rabuwa. Da aka zauna taro a Landan cikin shekarar nan, sai aka koma kan shawara, a 1954 aka kafa tsarin tarayya, kowace jiha da ikonta, ƙasa kuwa ɗaya. Dubi yadda magana ta hau daga saɓani zuwa rikici cikin wata biyu, da yadda aka sauko da ita da zama da haƙuri.

Saboda haka, Malam, ga shawararmu gare ka da sauran masu aikin tafinta, da masu rubuta wa mutane takarda a bakin kasuwa, da masu fassara labarai a rediyo. In kalma ta zo muku, ku tambayi kanku abu uku. Shin igiyar da ta haɗa mutanen ta tsinke, ko nesa kawai suka yi da juna? Wa ya yi rabon, mai abin ne, ko baƙo, ko wani yanki ne ya fita da kansa? Kuma a wane mataki rashin jituwar yake, ra'ayi ne, ko ƙara gaban alƙali, ko an kai ga makami? In kun amsa waɗannan, kalmar Hausa da ta dace za ta zo da kanta. In kuwa kun yi shakka, ku sake tambayar mai maganar kafin ku sa alƙalami, gama magana zarar bunu ce. Jayayyar burtali guda a wani ƙauye, in aka watsa ta da sunan rikicin manoma da makiyaya, tana iya hana mutane cin kasuwar Goronyo, ta kuma sa waɗanda ba su ji ba su gani ba su kwana da tsoron maƙwabtansu.

Muna roƙon malamin ya karanta wa almajiransa wannan amsa, ya sa su kawo misalin kowace kalma daga abin da suka gani a garinsu. Yaron nan mai rubutu kuma kada a tsananta masa, a koya masa, don manya da yawa sun yi irin kuskurensa. Duk wanda yake da wata kalma da ke rikita shi, ta Turanci ko ta Hausa, ya aiko mana, za mu duba iyakar saninmu. Allah ya ba mu zaman lafiya da juna, amin.