An Gina Abuja, To Ina Maginanta Suke Kwana?



Daga Ƙonni zuwa Maraɗi, daga Matamaye zuwa Magarya, da wuya ka samu gidan da babu wani nasa da ya taɓa cin rani a Abuja. Wani gadi ya yi, wani tura kurar ruwa, wani shayi, wani kuwa bulo ya ɗauka a ka har bene hawa biyar. In sun dawo da salla sukan ba mu labarin tituna masu faɗi, da fitilu har asuba, da Dutsen Aso da ke bayan fadar shugaban ƙasa. To duk lokacin da zaɓe ya zo, kakan ji masu neman ƙuri'arka suna alkawarin za su gyara garuruwanmu su zama kamar Abuja. Kafin ka tafa masu, zauna mu duba yadda aka yi Abujar, da wanda ya samu wurin kwana cikinta, da wanda aka bari a waje.

Abuja gari ne da aka fara zanawa a takarda kafin a aza tubali ɗaya. A watan Agusta na 1975 Janar Murtala Muhammed ya kafa kwamiti ƙarƙashin mai shari'a Akinola Aguda don a duba ko Legas za ta iya ci gaba da zama babban birni, ga cunkoso, ga teku ta tare ta. Kwamitin ya ce a koma tsakiyar ƙasa. A watan Fabrairu na 1976 aka yi dokar kafa sabon birnin, ba a yi mako biyu ba aka kashe Murtala, ranar 13 ga watan. Aka yanko ƙasa kusan murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Wani gungun kamfanonin Amurka ya zana taswirar, ya miƙa ta a 1979, sannan wani gwanin zanen gini ɗan Japan mai suna Kenzo Tange ya tsara tsakiyar garin. An yi lissafin mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, da miliyan 3 da ɗoriya in an gama duka. An raba aikin kashi huɗu, na farko shi ne Garki da Wuse da Maitama da Asokoro da tsakiyar birni. Kowace unguwa an ware mata wurin lakwal da asibiti da kasuwa da filin shan iska, an shata hanyar ruwan sha da ta ƙazanta tun kafin a yi gidaje.

Ni ban ce tsarin banza ba ne. Wanda ya ga yadda ruwan sama ke shiga gidajenmu kowace damina saboda an gina kan hanyarsa, ba zai raina taswira ba.

Ko sunan garin ma aro ne, kuma mu mutanen Maraɗi ya kamata mu san wannan. Asalin Abuja garin sarakunan Zazzau ne da suka baro Zariya lokacin jihadi, kamar dai yadda sarakunan Katsina suka zo nan suka kafa Maraɗi. Shi ya sa har gobe nasu Sarkin Zazzau ake ce masa, namu kuma Sarkin Katsina. Da gwamnati ta so sunan, sai tsohon garin ya bar mata, ya koma Suleja. Yau Suleja na ɗaya daga cikin wuraren da ma'aikatan sabuwar Abuja ke komawa su kwana saboda hayar cikin birni ta fi ƙarfinsu.

Wurin da aka zaɓa ba dajin Allah ba ne. Akwai Gbagyi, waɗanda muke ce wa Gwari, akwai Gwandara da Gade da Koro da Bassa da wasunsu, da gonakinsu da kushewun kakanninsu. Da fari an ce za a kwashe su duka a kai su waje, a biya su, don kada wani ya ce garin na ubansa ne. Zuwa 1978 aka ga mutanen sun fi yadda aka zata yawa, kuɗin kuma ya yi nauyi, sai aka ce wanda aiki ya iso kansa shi kaɗai za a tasa. Mutanen Wuse an kai su Sabon Wuse cikin jihar Neja. Tsohon ƙauyen Garki kuwa yana nan a tsakiya, benaye sun kewaye shi. Daga lokacin manomin yankin yake zaune cikin jiran tsammani. Duk ranar da birni ya matso, sai a zo a auna gonarsa, a ƙirga shukarsa da itatuwansa a biya shi su, amma ƙasar kanta doka ta ce ta gwamnati ce. Daga baya sai ya ga an yanka wannan gonar an ba wani, wanin ya sayar da ita kuɗin da shi bai taɓa riƙe irinsa ba.

Sai maganar magina. Wannan ita ce ta fi damuna, don ta shafi namu. Taswirar ta san inda minista zai zauna, ta san inda jakada zai zauna, ta san gidan babban ma'aikaci da na ƙarami. Amma birni ba ya tafiya sai da mai haƙa rami, da mai kwaɓa siminti, da mai shara, da direba, da mai abinci. Su waɗannan an ɗauka za su zo su yi aiki su tafi. Nyanya sansanin leburori ce da aka yi don a zauna na ɗan lokaci. Leburori kuwa ba su tafi ba, suka yi aure, suka haihu, suka kira ƙannensu. Da Janar Babangida ya tare a garin ranar 12 ga Disamba 1991, ma'aikatu suka biyo shi a guje, gidajen da aka gama ba su kai ko kusa ba. Jama'a suka bazu Karu da Kubwa da Lugbe da Gwagwalada da Mpape, suka tsallaka jihar Nasarawa suka cika Mararaba da Masaka, inda taswira ba ta kai ba. Ƙidayar 2006 ta samu mutum miliyan 1.4 a yankin babban birnin, ban da masu kwana a Nasarawa da Neja waɗanda kullum safiya cikinsa suke wuni.

Tambayi duk wanda ya zauna Mararaba yadda safiyarsa take. Tafiyar da ba ta wuce kilomita 20 ba, in bai fito da sallar asuba ba sai ta ci masa awa biyu, haka kuma da yamma. Rabin abin da ya samu a mota yake ƙarewa. Ranar 14 ga Afrilu 2014 da bam ya tashi a tashar Nyanya ya kashe mutum fiye da 70, masu jiran motar shiga birni ne da sassafe. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. A 2018 an buɗe jirgin ƙasa na cikin gari, ya bi ta Idu zuwa filin jirgin sama da wajen Kubwa, ya bar hanyar Nyanya da Mararaba yadda take.

Na taɓa yin mako biyu wurin yayana lokacin yana gadin wani gida a Maitama. Gida ne mai ɗakuna da yawa, da fanfo da lantarki da ciyawa kore da ake ba ruwa kullum, kuma babu kowa cikinsa sai shi a ɗan ɗakin bakin ƙofa. Mai gidan yakan zo sau biyu ko uku a shekara. A layin nan kaf, in ka ga mutum a ƙasa yana tafiya to maigadi ne ko mai wanki. Ba yaro na wasa a ƙofar gida, ba dattijo a kan tabarma, ba wanda zai ce maka ina gajiya. Katanga ta fi tsayin mutum biyu, da waya mai ƙaya a samanta. An yi rasuwa a gida na uku da namu, sai da muka ga motoci sun yi layi muka sani.

Ranar Juma'a ya kai ni inda iyalan abokansa suke, can bayan gari. Titi babu kwalta, kwata na bin tsakiyar hanya, ruwa sai an saya wurin ƴan garuwa, waɗanda da yawansu ƴan ƙasarmu ne. Amma a nan na ga gari. Ga masallaci cike har waje, ga coci a bayansa. Ibo na sayar da kayan gyaran mota, matan Gwari na shigowa da doya da itace a kafaɗa, don su ba su ɗaukar kaya a ka, Bahaushe na gasa nama, kowa ya san sunan ɗan kowa. Akwai sarkin Hausawa da ke sasanta rigima kafin ta kai wurin ƴan sanda. Akwai adashi, akwai asusun ƴan gari ɗaya da ake tarawa don mai ciwo ko wanda aka kama ko wanda zai koma gida hannu wofi. Sabon zuwa ba ya kwana a titi, wani zai ba shi gefen tabarma har ya samu abin yi. Duk wannan babu shi a taswira, mutane ne suka yi abinsu da kansu, kuma shi ke riƙe da birnin. In kana son shaida ka je Abuja ranar babbar salla ko Kirsimeti, za ka tarar da manyan tituna fayau, kowa ya tafi inda yake kira gida.

To waɗannan unguwannin su ne a kullum ke cikin fargabar katafila. Tsakanin 2003 da 2007, lokacin Malam Nasiru El-Rufa'i yana ministan birnin, an yi rusau da sunan mai da garin kan taswirarsa. A faɗi gaskiya, rusau ɗin ya taɓa manya, an rushe gine-ginen masu hali da aka aza kan hanyar ruwa da filayen jama'a, kuma an gyara rajistar filaye da ta cika da takardun jabu. Sai dai mai hali yana da wani gidan. Mutanen Karmo da Idu da ire-irensu kuwa, waɗanda ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ce sun kai dubban ɗaruruwa, kayansu suka ɗaura suka ƙara nisa da wurin aikinsu. A 2006 aka hana ƴan kabu-kabu shiga tsakiyar gari. Tituna sun yi kyan gani, cunkoson kuma ya koma inda baƙi ba su gani.

Me ya sa haka ke yiwuwa shekara da shekaru? Abuja ba ta da gwamna, ba ta da majalisar jiha. Shugaban ƙasa ne ke naɗa minista, kuma rabon filaye a hannun ministan yake. Akwai ƙananan hukumomi 6 da ake zaɓen shugabanninsu, amma ba su ke da ƙasar birni ba. Wanda aka rushe wa ɗaki ba shi da ranar da zai je rumfar zaɓe ya rama. Mai rabon fili kuwa, in ba ya tsoron ƙuri'arka, sai ya duba wanda ya naɗa shi da abokan wanda ya naɗa shi.

In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma ba baƙin wannan al'amari ba ne. Maraɗin da muke ciki an hau da ita tudu ne bayan ambaliyar Gulbi ta 1945, Turawa suka shata mata tituna miƙaƙƙu, shi ya sa tsakiyarta take a tsare har yau. Amma dubi gefen garin yanzu. Kowace shekara ana lotisma, ana cin gonakin ƙauyukan kewaye, ana kafa duwatsun iyaka a wurin da babu fanfo babu lantarki babu hanyar ruwa. Manomi ya samu ƴan filaye kaɗan cikin gonar da ke ciyar da gidansa, ya sayar da su don bukata, shekara biyu ya zama ɗan haya ko ɗan ci-rani. Sauran filayen kuma su tafi hannun mutum ɗaya mai guda ashirin, ya kewaye su ya bar su suna jiran tsada. Filin da aka rubuta na lakwal ko na asibiti, ka wayi gari ka ga an aza masa harsashin gidan wani. A Yamai mun ga yadda aka rushe shagunan ƴan tireda na bakin titi a 2016 don a ƙawata gari, mun kuma ga yadda aka rusa zaɓaɓɓiyar majalisar birnin a 2017 aka naɗa wanda ba a zaɓa ba. Yanzu ga maganar layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Ranar da aka tabbatar da inda tasha za ta zauna, ƙasar wurin za ta yi kuɗi, kuma masu ji daga sama za su riga manomin wurin sani.

Abin da muka samu wanda mai tura kurar Mararaba ba shi da shi, shi ne har zuwa 2024 nan kansiloli mu ke zaɓensu, su kuma su zaɓi magajin gari, kuma a lokacin ta hannunsu maganar filaye ke bi. Saboda haka in ɗan takara ya zo ƙofar gidanka, ko namu ne, kar ka bar shi ya tsaya kan kwalta da fitilu. Ka ce ya faɗa maka, cikin filayen da za a yanka, nawa za a ware wa mai ƙaramin ƙarfi, kuma a kan nawa, kuma ko za a bari ya biya kaɗan-kaɗan. Ka tambaye shi mai gonar me zai samu, a rubuce, da harshen da yake ji. Ke kuma ƴar uwa mai tuyar ƙosai a bakin titi, ki tambaye shi in an tashe ki ina za a kai ki, kuma ko za a gama wurin kafin a tashe ki ko sai bayan. Sannan ku ce a liƙa taswirar lotisma da sunayen waɗanda aka ba filaye a bangon ma'aikatar magajin gari, inda duk mai wucewa zai tsaya ya karanta, wanda bai iya karatu ba ɗansa ya karanta masa. In ya ce zai yi, ku sa ya maimaita a gaban mai unguwa da liman.