Kawunan da Ke Ƙarƙashin Gonakinmu Ba Kayan Adon Falo Ba Ne

A Turai da Amurka akwai attajiran da ke tara tsofaffin kawunan mutum-mutumi, na dutse da na gasasshen yumɓu, suna jerawa a falo don ƙawa. Wannan kasuwa ta daɗe da miƙo hannu ƙasar Hausa. A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sanya kawunan yumɓun Nok, Sakkwato da Katsina, da mutum-mutumin dutse na Esie a Jihar Kwara, cikin jerin kayan da ake yawan sacewa. A 2002 sai da Faransa ta amince cewa wasu guda uku da ta saya, biyu na Nok ɗaya na Sakkwato, mallakar Nijeriya ne.

Don haka manomin Tsamaye ko Isa a Jihar Sakkwato da fartanyarsa ta tono irin wannan kai ya sani, darajar kan tana tattare da ramin da ya fito. Zurfin ramin, gawayi da katangar tukwanen da ke gefensa su ne ke gaya wa masana shekarunsa da masu shi. Kawunan Sakkwato a haƙar ɓoye suka fita, shi ya sa har yau ba a tantance waɗanda suka ƙera su ba. Ƙasar da ke ɗauke da kufan Alƙalawa, birnin Gobir da ya faɗi a 1808, bai kamata ta yi wa tarihinta wannan riƙon sakainar kashi ba.

Wani zai ce gumaka ne, a farfasa kawai. To, ajiyewa don nazari daban, bauta daban. Ga Masar nan ta adana na Fir'aunoni a Alƙahira, ba ta fasa salla ba. Wani kuma zai ce ana fama da 'yan bindiga da yunwa, me zai hana talaka ya sayar ya ci abinci? Uzurin yana da nauyi, amma abin da dillali ke miƙa masa bai taka kara ya karya ba, ribar tana can ƙetare. Kuma dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da su ba da izini ba.

Wanda ya tsinta ya sanar da hakimi, hakimi ya kira hukuma. Ita kuma hukuma ta saka wa mai tsintuwa da lada mai tsoka, in ba haka ba dillali zai ci gaba da riga ta isa gona.