Daren Habana Da Aljihun Ɗan Dingaya



'Yan uwa, akwai wata al'ada da ta samu gindin zama a manyan biranen ƙasar nan, musamman Legas da Abuja. Da an tashi daga aiki ranar Juma'a, sai abokan aiki su kwashi juna zuwa gidan cin abinci mai haɗe da mashaya, wai a je a huce gajiyar mako. Wasu gidajen an ƙawata su da sigar ƙasar Kyuba: hotunan tsofaffin motoci a bango, sigari mai kauri, kiɗan rawa, da wani haɗi da ake kira mojito, wanda ba komai ba ne face barasar rake da aka zuba wa lemon tsami, sukari da na'ana'a. Yaranmu na Dingaya, Birnin Kudu da Gwaram da suka fita neman halal suna cikin waɗanda ake ja zuwa can.

Ya kamata ɗan uwa ya san tarihin abin da ake sayar masa. Barasar Kyuba daga rake ake yinta, raken kuwa bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka yi ta yankansa a ƙarƙashin bulala, har zuwa 1886 da aka soke bauta a tsibirin. Daga 1920 zuwa 1933 Amurka ta haramta giya a ƙasarta, sai mashayanta suka mai da Habana wurin sheƙe ayarsu. A zamanin Batista 'yan dabar Amurka irin su Meyer Lansky suka riƙe gidajen caca na birnin, talakan ƙauye kuwa yana cikin yunwa da jahilci. Wannan Habanar ce mutanen Kyuba suka kifar a 1959, kuma ita ce aka share wa ƙura ake tallata wa ɗan Musulmi a matsayin wayewa!

In koyi da Kyuba ake so, akwai abin koyi. A 1961 ɗalibai matasa kimanin 100,000 suka bazu ƙauyuka da fitila da littafi, suka koyar da mutum sama da 700,000 karatu da rubutu cikin shekara guda. A 2014, da cutar Ebola ta ɓarke, likitocin Kyuba sun zo Saliyo, Laberiya da Gini. Me ya sa ba wannan ake kawo mana ba? Saboda babu riba a ciki ga mai kwalba.

Wani zai ce, "Ai ni ba na sha, lemo kawai nake karɓa, kuma in ban je ba oga zai ɗauke ni baƙauye." Ɗan uwa, wannan uzurin ya daɗe yana cin mutane. Allah Ta'ala a Suratul Ma'ida umarni ya yi da a nisanci giya, nisanta kuwa ta haɗa da barin teburinta. Wanda ya zauna a can Magariba za ta wuce shi, Isha ta bi bayanta, Asuba kuma ta same shi yana sharar barci. Lemon yau shi ke zama "ɗan kurɓa kaɗan" na wata mai zuwa. Wanda ya saba zuwa bakin rijiya da dare, wata rana zai zame.

Sannan a duba aljihu. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 Naira 70,000 ne. Yaro ya bar mahaifinsa yana neman kuɗin taki, ƙanwarsa na jiran kuɗin makaranta, mahaifiya na bin layi a asibitin tarayya na Birnin Kudu. Da wane ido zai kalle su ranar da ya zo Sallah hannu biyu?

Jigawa da Kano sun ƙaddamar da Shari'a a 2000, kuma a Nuwamban 2013 Hisbar Kano ta farfasa kwalaben giya 240,000 a bainar jama'a. Amma Hisba ba za ta bi ka Legas ba. Can, tsoron Allah da ke ƙirjinka shi kaɗai ne mai gadinka.

Ba cewa muke a ƙaurace wa abokan aiki ba. Mu'amala kyakkyawa wajibi ce, da Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Ka faɗa masu a fili tun ranar farko cewa ba ka zama inda ake sha, kuma ka gayyace su wurin mai tsire ko mai shayi, kai ka biya. Da yawa za su ƙara girmama ka. 'Yan garinku da ke birni ɗaya ku haɗa kai, ku riƙa ziyartar juna daren Juma'a. In kun dawo gida hutu, ku buɗe ajin dare ga manoman unguwarku.

Allah Ya tsare mana imaninmu da guminmu.